Ina bayanan ɗanka suke tafiya bayan ka cike fom ɗin makaranta? Ga yadda zaka bi sawunsu

Wata rana da safe na aiki yaro ya siyo min ƙosai, da ya kawo ina buɗe takardar da aka ƙunso shi sai naga ashe fom ɗin shiga makaranta ne na wata yarinya, mai ya jiƙa rabinsa amma sunanta da ranar haihuwarta da unguwarsu da lambar wayar babanta duk ana karantawa tsaf, harda gurbin da aka ɓamɓare fasfo. Wato an share ofis ne a wata makaranta aka tattara tsofaffin fayil aka siyar a kilo. Ni malamin makaranta ne, na yi shekaru ina riƙe da ofis ɗin jarrabawa, na san yadda iyaye suke cike fom ɗin nan a tsaye suna sauri, kuma na san hannu nawa yake bi bayan sun juya baya. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin daki-daki, musamman ga iyaye a Najeriya.

Fara da sanin me makaranta ta riƙe

Kafin komai, ka san cewa abin da makaranta ta sani game da ɗanka ya wuce suna da aji. Akwai babbar rajistar shiga, wadda ake rubuta yaro ranar da aka ɗauke shi a bashi lamba, wannan littafin shine uwa, ba a yar da shi. Akwai rajistar kiran suna ta kullum. Akwai makin CA, wato gwaje-gwajen cikin zango, da na jarrabawar ƙarshen zango. Akwai fayil ɗinsa mai kwafin takardar haihuwa da fasfo da takardar canjin makaranta in daga wani wuri ya zo. Sannan akwai abubuwan da baka ɗauke su komai ba, sana'arka, adireshin gida, lambar maman yaro, ko maraya ne, ko yana da sikila ko asma ko farfaɗiya, ko an taɓa kama shi da laifi, ko ana binka kuɗin makaranta. Makarantun kuɗi da yawa yanzu sun zuba duk wannan a fotal na intanet, kuma galibi ba su suka gina fotal ɗin ba, wani kamfani ne ko wani matashi mai harkar kwamfuta, kaga kenan akwai mutum na uku da baka taɓa gani ba amma yana iya buɗe bayanan ɗanka.

Toh mataki na farko mai sauƙi ne. Ka je makarantar ranar da ba cunkoso, ba ranar komawa hutu ba, ka samu hedimasta ko firinsifal kace “ranka ya daɗe ina son in duba abin da aka rubuta game da yarona a rajista da fayil, ko akwai kuskure in gyara tun yanzu.” In ka faɗa haka babu wanda zai ji kamar ka zo titsiye. In kuwa ka shiga da maganar doka da haƙƙi daga bakin ƙofa to sai a ce maka mai makullin baya nan.

Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya

Nan zan daɗe saboda nan ne kukan yake, mafi yawan iyayen da suka zo ofis ɗina hankali a tashe wannan ce matsalarsu.

Mu Hausawa tsarin sunanmu bai dace da akwatunan fom ba. Fom yana tambayar sunan iyali, mu kuma sunan yaro ne sai na uba sai wani lokaci na kaka ko na gari ko na unguwa. Sai a firamare malam ya rubuta Muhammad, a ƙaramar sakandare a rubuta Mohammed, a NIN mai kafe ya buga Muhammed, a wani wurin kuma sunan uba ya koma gaba na yaro ya koma baya. Yarinya a gida Ummi ake ce mata, kaka ce ta kaita makaranta ta bada Ummi, alhali sunan yanka Aisha, kuma Aishar ma wani ya rubuta Aishatu. Mu a wurinmu mutum ɗaya ne, ita kwamfuta mutum uku take gani, kuma bata jin rantsuwa.

Ranar haihuwa ta fi muni. Uba bai riƙe ba, malam ya duba tsayin yaro ya rubuta 1 ga Janairu, shi yasa zakaga aji guda rabinsu wai ranar sabuwar shekara aka haife su. Wasu iyayen kuma da gangan suke rage shekara biyu wai saboda aikin gwamnati nan gaba, sai su manta a wace takarda suka rage a wace basu rage ba.

Abin yi shine ka zaɓi takarda ɗaya ta zama tushe, kuma wadda ta cancanta ita ce takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya NPC, katin asibiti ko na rigakafi baya maye gurbinta. Daga ita ka yi wa yaro NIN a ofis ɗin NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, ko cibiyar da aka amince, yaron da bai kai shekara 16 ba da NIN ɗin uba ko uwa ko mariƙi ake haɗa nasa, saboda haka ka tafi da naka. Kafin mai bugawa ya tura ka leƙa allon kwamfutar da idonka ka karanta harafi-harafi, kar kaji kunya, in baka karatun boko ka tafi da wanda ya iya. Da ka karɓi silif ɗin ka ɗauki hotonsa a waya, ka yi kwafi, ka kai wa makaranta kace duk inda za a rubuta sunan yaron nan haka za a rubuta, da wannan jerin. Ni shawarata ka samu ɗan littafi a gida ka rubuta sunan kowane yaro da manyan baƙaƙe yadda yake a NIN da ranar haihuwarsa, saboda ranar da baka gida aka aiko da fom maman yara ko yayansu su kwafa daga nan ba daga ka ba.

In ka tarar an riga an yi kuskure, gyara a firamare ko JS1 biro ne kawai da sa hannun hedimasta. Gyara bayan an yi WAEC kuwa sai takardar rantsuwa a kotu, wani lokacin da sanarwa a jarida, da biyan kuɗi a NIMC, da zarya, kuma ranar haihuwar dake kan satifiket ɗin WAEC gyaranta akwai matuƙar wuya. Akwai wani ɗalibina da sai da ya gama jami'a ya zo rajistar bautar ƙasa sannan ya gano shekarar da aka saka masa a WAEC ta girme shi da shekara huɗu, ita kuma NYSC da bayanan WAEC take tantance gyaran ranar haihuwa, gashi wanda ya haura 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake bashi maimakon kaki. Kuskuren minti ɗaya ne da wani ya yi yana bugawa da daddare, yaron kuma an miƙo masa takarda ya sa hannu bai karanta ba.

Inda bayanan suke fita daga makaranta

Ka rarrabe abu biyu a kanka, akwai bayanan da suke fita a matsayin adadi, akwai waɗanda suke fita da suna. Hatsarinsu ba ɗaya bane.

Na adadi shine irin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Ana kawo wa hedimasta fom mai shafuka ya cike, yara nawa a kowane aji, maza nawa mata nawa, shekarunsu, masu buƙata ta musamman nawa, ajujuwa nawa, banɗaki, rijiya ko famfo, malamai da takardunsu. Daga makaranta ya tafi ofis ɗin ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan hukumar ilimin matakin farko ta jiha SUBEB da sashen tattara alƙaluma EMIS na ma'aikatar ilimi ta jiha, daga nan Abuja wurin ma'aikatar tarayya da hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa UBEC, kuma irin waɗannan alƙaluman ne suke ƙarewa a rahotannin UNICEF da UNESCO da Bankin Duniya. Da su ake lissafin inda za a gina aji da inda za a tura malami da yawan littafin da za a raba. Wannan ba abin tsoro bane, asali ma matsalarsa ƙarya, lokacin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016, da ake biyan masu dafawa naira 70 kan kowane yaro, duk wanda yake cikin harkar ya san yadda adadin 'yan aji ɗaya zuwa uku ya riƙa kumbura a takarda. Illar rajista mara kyau kuma tana bayyana ranar tashin hankali, a Kuriga ta jihar Kaduna a watan Maris na 2024 da farko 287 aka ce an sace, daga baya gwamnatin jiha tace 137 ne. Makarantar da ake kiran suna kullum da safe a rubuta, ranar da wani abu ya faru Allah ya kiyaye cikin awa guda za a san wa ke nan wa baya nan. Saboda haka in kaji ana kiran suna ana rubutawa ka yaba, in kuma ɗanka yace an yi sati ba a kira ba ka tada maganar a taron PTA ko SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta.

Na suna kuma shine wanda ya kamata ka sa ido. Jarrabawar shiga makarantun tarayya da NECO ke shiryawa, BECE ta gama ƙaramar sakandare a JS3, kwalifayin a SS2 a jihohi irin Kano da gwamnati ke amfani da ita wurin zaɓen waɗanda zata biya wa kuɗin jarrabawar fita, sannan WAEC da NECO da NABTEB ga masu fasaha da kasuwanci da NBAIS ga masu Arabiyya. Duk waɗannan suna karɓar suna, ranar haihuwa, hoto, darussa, wasu harda zanen yatsa. Abin da iyaye da yawa basu sani ba shine makaranta tana tura wa WAEC makin CA na yaro tun daga SS1, ba sai a SS3 ake fara saninsa ba, shi yasa canza wa yaro makaranta a SS3 yake zama rigima, kuma shi yasa kuskuren suna a SS1 yake bin yaro har satifiket. Sai shirye-shiryen tallafi, misali AGILE na Bankin Duniya da ke bai wa 'yan mata tallafin kuɗi a jihohi irin Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno, nan ana ɗaukar sunan yarinya da na mai kula da ita da bayanin asusu, kuma ana duba zuwanta makaranta. Sai ma'aikatan lafiya masu zuwa rigakafi ko rabon maganin tsutsar ciki.

Mataki a nan shine duk shekarar da ɗanka zai shiga JS3 ko SS1 ko SS3 ka nemi eksam ofisa da kanka. Kafin a rufe rajista ana fitar da takarda mai hoton yaro da bayanansa don a duba, kace “malam dan Allah a bari in gani kafin a tura.” Ka duba harafin suna, jerin suna, ranar haihuwa, namiji ko mace (eh ana kuskurensa, na taɓa ganin ƙaton saurayi an saka masa F), darussan da aka zaɓa, da hoton ko nasa ne. Ka ɗauki hoton takardar bayan an gyara. Mu masu bugawa mutum ɗari uku muke shigarwa cikin kwana kaɗan ga netwok na wasa ga janareto na cin mai, ba mugunta bace, gajiya ce, uban da ya zo ya duba taimakonmu ya yi.

JAMB da layin waya

Wannan sai na ware masa wuri. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Yaro zai tura NIN ɗinsa ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019 a turo masa lambar furofayil, kuma sunan da ranar haihuwar daga rumbun NIMC ake janyo su kai tsaye, wato duk kuskuren dake NIN zai shigo JAMB. Saboda haka a gyara NIN tun yaro yana SS2, ba sati biyu kafin rufe rajista ba lokacin da layi ya kai titi.

Layin da aka tura saƙon da shi ya zama igiyar yaron. Da shi za a duba sakamako, ta nan saƙonnin JAMB zasu riƙa shigowa. Kar ka bari mai kafe ko malamin lesin ko wani “ejan” ya yi amfani da layinsa ko imel ɗinsa. Na ga yaran da aka riƙe musu kalmar sirri sai sun biya kafin su ga ko sun samu gurbi a CAPS, shafin JAMB na bada gurbin karatu, na ga wanda aka karɓar masa gurbin kwas ɗin da baya so saboda wani ne ke riƙe da shafinsa ya danna amincewa. A samu layi na gida wanda ba zai ɓata ba, a riƙa saka masa kati kar kamfani ya rufe shi ya siyar wa wani, a buɗe wa yaro imel nasa, a rubuta kalmar sirrin a littafin nan na gida. Rajistar kanta a cibiyar jarrabawar kwamfuta ta CBT da JAMB ta amince ake yi. Kuma bayanan nan basu tsaya a nan ba, lambar JAMB ɗin ita jami'a zata yi aiki da ita, NELFUND mai bada bashin karatu zata tambaye ta tare da NIN da BVN, NYSC ma zata duba ko sunan yana jerin waɗanda JAMB ta san da shigarsu.

Me doka tace

Akwai doka, mutane ne basu santa ba, har wasu masu makarantun. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa. Sannan a watan Yuni na 2023 shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wadda ta kafa hukumar NDPC, kafin ita akwai ƙa'idar da hukumar fasahar sadarwa NITDA ta fitar a 2019. A taƙaice dokar tace duk wanda ya karɓi bayananka sai da dalili na halal, ya faɗa maka me zai yi da su, kar ya karɓi fiye da buƙata, kar ya juya su zuwa wata manufa daban, ya tsare su, kar ya riƙe su fiye da lokacin da ake buƙata. Kana da damar ka nemi ganin abin da aka riƙe, ka nemi a gyara kuskure, ka janye amincewar da ka bayar. Bayanan lafiya da addini da ƙabila da zanen yatsa an saka su a rukuni mai tsauri. In yaro ne, inda ake buƙatar amincewa to ta iyaye ko mariƙi ce. In aka yi kutse ko bayanai suka fita ta yadda zasu iya cutar da mutane, wanda ke riƙe da su yana da awa 72 ya sanar da hukumar. Tara kuma tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko miliyan 10 gwargwadon girman mai laifin, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara in ya fi haka yawa.

Amma kar ka ɗauka komai sai an tambaye ka. Dokar ta yi togaciya ga aikin ilimi da lafiya da ke hannun ma'aikacin da amanar sirri ke wuyansa, saboda haka makaranta bata buƙatar sa hannunka kafin ta rubuta maki ko ta tura sunan ɗanka NECO ko ta cike fom ɗin ƙidaya. Inda nake ganin dole a tambaye ka shine abin da ya fita daga karatu, talla, hoto a Facebook da TikTok, bai wa ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ko wata ƙungiya jerin lambobin iyaye.

Abubuwan da muka saba da su har mun daina ganin aibinsu

Bana a bakin titi da hotunan yara da cikakken suna da makin JAMB, wasu harda lambar jarrabawa. Na gane makaranta tana neman kasuwa kuma wasu iyayen alfahari suke, toh amma a tambaya mana, kuma a cire lambar. A yanayin da muke ciki na garkuwa da mutane, hoton yarinya da sunan mahaifinta da sunan makarantarta a bainar jama'a, wanda yake da mugun nufi me ya rage masa, lokacin tashi kawai.

Sai guruf ɗin WhatsApp na iyaye, inda ake turo jerin waɗanda basu biya ba da adadin bashin kowa, ko a turo sakamakon aji gaba ɗaya daga na ɗaya har na kashin baya. Wannan tozarci ne kuma yaran suna gani a wayar iyayensu suna tsokanar juna. Ka yi wa admin magana ta gefe, kace a riƙa turo wa kowa nasa. In makaranta na son sanarwa kawai ai akwai hanyar da zata tura ba tare da kowa ya ga lambar kowa ba, musamman lambobin matan aure.

Sai hotunan marayu. Wata ƙungiya ta zo da buhun shinkafa da jakunkuna, a jera yara a ɗauki hoto a rubuta marayu a watsa. Islamiyyu da tsangayu ma abin ya shafe su. Sadakar bata buƙatar fuskar yaron.

Sai fom ɗin da yaro ke zuwa da shi gida ko linkin da ake turowa wai tallafin karatu, a cike NIN da BVN da lambar asusu. Kafin ka cike ka yi tambaya huɗu, wa ya aiko, me za a yi da shi, wa zai ajiye, in ban cike ba me zai faru. Ka kira hedimasta ka ji ko da takarda daga ofis ɗin ilimi ko ma'aikata. Duk baƙon da ya shigo makarantar gwamnati ɗaukar bayanai ya kamata ya zo da takardar izini, in babu to babu. Lambar sirrin ATM da lambar OTP da banki ke turowa ta tes kuwa babu makaranta ko hukumar da ke da hurumin tambaya, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne ko da tambarin gwamnati ya saka.

Akwai kuma wata mai sarƙaƙiya, in aure ya mutu. Ka sanar da makaranta a rubuce wa ke ɗaukar yaro, wa za a kira, wa za a bai wa sakamako, in akwai hukuncin kotu kan riƙo a kai kwafi. Ba don a hana uba ko uwa sanin karatun ɗansu ba, sai don kar mai gadi ya miƙa yaro ko adireshin sabon gida ga duk wanda yace shi kawu ne.

In ka ga an yi ba daidai ba

Ka fara da baki, cikin mutunci, wurin fom masta ko hedimasta. Yawanci a nan ake gamawa. In an yi sati ba motsi ka rubuta takarda gajera, ka saka kwanan wata, sunan yaro da aji da lambarsa, abin da ya faru, abin da kake so a yi (a gyara, a sauke hoton, a faɗa maka wa aka bai wa), da wa'adin da kake ganin ya dace kamar sati biyu. Ka yi kwafi biyu a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. In hoto ne ko saƙo ka yi sikirinshot kafin a goge. Daga nan sai shugaban PTA ko SBMC, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma in firamare ce, ko ofis ɗin shiyya in sakandare ce, makarantar kuɗi kuma akwai sashe ko hukumar da ke kula da su a jiha kuma suna jin tsoronta fiye da yadda suke jin tsoronka. In abin babba ne, kamar an siyar da bayanai ko an yi damfara da NIN ɗin yaro, ka kai ƙorafi NDPC a rubuce ta shafinsu na intanet, in da damfarar kuɗi ka haɗa da banki da 'yan sanda. Abu ɗaya da zan roƙa, kar ka fara da zuwa Facebook kana zagi, saboda garin tona asirin makaranta sai ka ƙara watsa sunan ɗanka da kanka, kuma shi zai koma ajin gobe.

Ga 'yan uwana malamai da masu makarantu

Laifin da yawa namu ne, in faɗi gaskiya. Fayil ɗin yara a kabad mai makulli, ba kan benci a ofis ɗin malamai ba. Laftof ɗin jarrabawa a saka mata kalmar sirri kuma kar ta zama ita ake kallon fim da ita a gida. Filashin da ka kai kafe aka buga maka jerin ɗalibai, ka tsaya a goge fayil ɗin daga kwamfutarsu a gabanka. Malamin da ya bar aiki a cire shi daga fotal da guruf a ranar. Wanda ya gina muku fotal a yi yarjejeniya da shi a rubuce cewa bayanan na makaranta ne ba nasa ba, ranar da kuka rabu ya miƙa ya goge. A fom ɗin shiga a ƙara layi ɗaya, na yarda ko ban yarda a saka hoton yarona a talla ba, kuma a cire tambayoyin da ba a amfani da su, meye haɗin makaranta da albashin uba in ba tallafi za a bayar ba. Maganar ciwon yaro kuma fom masta da mai kula da ɗakin magani da malamin wasanni su sani don su taimaka, ba a sanar a asembili ba.

Ranar da zaka cire ɗanka ko ya gama, ka karɓi takardar canji ko tastimoniya da sakamakon duk zangunan da ya yi, ka duba sunan a jiki kafin ka bar ofis, in ka taɓa bada asalin wata takarda ka karɓe ta ka bar musu kwafi, ka ce a cire lambarka daga guruf, sannan ka tambaya me suke yi da tsofaffin fayil. Rajistar shiga da ta sakamako dole su zauna saboda wata rana za a zo neman tantancewa, amma kwafin NIN da fasfo da takardun asibiti na yaron da ya tafi shekara da shekaru, waɗannan ƙonawa ake yi a bayan makaranta mutum biyu suna tsaye, mu haka muka koma yi duk ƙarshen shekara tun ranar ƙosan nan.